Tsakin Motar Kifi

Ni dai ban taɓa son motar nan ba, tun ranar da aka shigo da ita harabar gidanmu a Gwarinpa. A-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, mai shan dizal, wadda ta ga jiya ta ga yau. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne. Ya saye ta don a riƙa ɗauko tarwaɗa daga gonakin kifi na bayan gari ana kai wa 'yan kasuwar Kado, domin a cewarsa albashi kaɗai ba ya riƙe gida a Abuja. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne wurin kwananta, daidai ƙarƙashin tagar kicin ɗina.

Wanda bai taɓa zama kusa da motar kifi ba, ba zai gane ba. Ruwan da tarwaɗa ta kwana a ciki yauƙi gare shi kamar miyar kuɓewa, yana bin kowace kafa ta ƙarfe ya maƙale. Rana na ɗagawa sai ƙarni ya tashi, ƙudaje kore shar su zo su yi taro a kan ragar taga suna kallona ina tuƙa tuwo. Na ƙona turaren wuta har na gaji. Wata rana na leƙa bayanta na ga tsutsa a lungun da tsintsiya ba ta kaiwa, ranar ko shayi ban iya sha ba.

Abu ɗaya ya sa nake haƙuri da ita, shi ne direbanta. Dattijo ne, gemunsa ya yi fari, ya fito daga wani ƙauye can arewa, yana haya a ɗaki ɗaya a Karmo, iyalinsa suna gida. Baba muke ce masa, har maigidan. Ya tuƙa motoci iri-iri tun kafin a haife ni. Kullum in ya dawo sai ya naɗe ƙafar wando ya wanke bayan motar, sannan ya sake alwala a famfon waje, a hankali, yatsa bayan yatsa. Ni kuwa Hajiya yake ce mini, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. In na ce, "Baba, ba fa na je ba," sai ya ce, "Ai addu'a nake yi miki, ki daina mayar mini da ita."

Matsalar motar ta farko nauyi ne. In aka jera manyan robobi cike da ruwa da kifi, sai ta riƙa rarrafe a hawa, rana na dukan kifin, kafin a kai Kado wasu sun juya ciki sama. Wani abokin aikin maigidana ya haɗa shi da wani bakanike da aka ce gwani ne wajen ƙara wa mota ƙarfi. Aka kai ta, ya cire turbon da ta zo da shi ya sa wani babba, ya canza wasu bututai. Ni ban san mene ne turbo ba sai da Baba ya yi mini bayani.

"Kin san zugazugin maƙera? To shi ne. Iska yake hura wa inji don wuta ta ci da kyau. Sai dai, Hajiya, an ɗauko zugazugin babbar maƙera an ɗaura wa tsohon murhu."

Ya nuna bai so ba, amma ba motarsa ba ce. Ta dawo kuwa da ƙarfi kamar an canza ta. Maigidana ya yi sati yana ba baƙi labari.

Bayan kamar sati uku Baba ya tsaya a ƙofar kicin yana shan ruwa, ya ce, "Hajiya, motar nan ta fara yi mini tsaki."

Na yi dariya. "Tsaki kuma, Baba? Me ka yi mata?"

"Wallahi tsaki. Sai na ɗauko kaya, mun kama hawa, na taka ta da kyau, ina ɗaga ƙafa zan canza giya sai ta ja shi, mtsss, dogo, irin na macen da aka ba kuɗin cefane ba su kai ba. Ƙarfinta ma ya ɗan ragu. In ba kaya kuwa, shiru, kamar ba ita ba."

Da yamma ya gaya wa maigidan. Ina tsaye a wurin ya kira bakaniken a waya. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Direba ya ce akwai wata ƙara a injin, wai tsaki ne." Aka ce a kawo ta.

Ranar Laraba muna dawowa daga dubiya a asibiti maigidana ya ce bari mu biya garejin, motar tana can tun safe, Baba ya ajiye ta ya tafi. Da na san abin da zan tarar da na roƙa a sauke ni a bakin titi. Ƙasar wurin baƙa ƙirin, ta sha baƙin mai har tana danƙo, takalmina yana mannewa. Ga kwata a buɗe, ga zarnin fitsari a jikin katanga, ga kaji suna tono a tsakanin tsofaffin tayoyi. Na ja hijabina na toshe hanci ina neman inda zan ajiye ƙafa.

Bakaniken ya fito daga ƙarƙashin wata mota. Ƙato ne, rigar aikinsa ba a gane launinta na asali. Ban san yarensa na gida ba, Hausarsa dai irin ta Abuja ce, wadda mace da namiji duk ɗaya ne.

"Oga, sannu. Madam, sannu. Na tayar da shi, na zaga da shi, ba ƙara ko ɗaya. Amma tunda ka ce tsaki, na san inda zan duba. Zo ka gani da ido naka."

Ya zura siririn tiyo a tankin mai, ya kafa baki ya zuƙa. Na ga kumatunsa sun cika, ya tofar da dizal ɗin kusa da ƙafata, ya goge baki da bayan hannu, ya ci gaba da tauna goron da ke bakinsa. Man ya zuba a bokiti har ya ƙare, sannan ya kwance wani abu a ƙasan tankin, ya tara tafin hannu, ya miƙo wa maigidana. Wani baƙin guntsi-guntsi ne kamar yashi.

"Ka gani? Tsaki. Kamar wanda nake ba kaji na. Wannan direba naka tana cin amana, oga. Kana ba ta kuɗin gidan mai, tana zuwa wajen 'yan bumburutu, tana sayen mai mai datti, sauran ta sa aljihu. Mota ba ya ƙarya."

A nan na gane abin da ya faru. Baba tsakin baki ya ce. Shi wannan tsakin hatsi ya ji, na dambu da abincin 'yan tsaki. Tunda bai ji ƙarar da kunnensa ba, sai ya tafi neman tsakin da ya sani, ya kuwa same shi, don ni a tunanina duk tsohon tanki ba ya rasa laka a gindi, ko randar ruwa ma haka take.

Na matsa kusa da maigidana na yi ƙasa da murya. "Abban yara, ba fa wannan tsakin Baba yake nufi ba. Ƙara ce, irin ta..."

"Don Allah ki bari," in ji shi, ko juyowa bai yi ba. "Ke da inji ina haɗi? Ga abu a tafin hannu kina maganar ƙara."

Bakaniken ya yi dariya, haƙoransa jajur. "Madam, ki bar mana mota, mu bar miki tukunya."

Na yi shiru. Har yau ina jin haushin shirun nan.

Maigidana mutumin kirki ne, ba zan zalunce shi ba. Ba ya wasa da salla, ba ya hana ni komai. Amma yana da wani hali: in ya ji an raina masa hankali, ba ya iya haɗiyewa sai ya samu masu sauraro. Washegari kafin ya wuce ofis ya bi ta Kado, ya tarar da Baba a rumfar shugaban masu kifi, ga 'yan dako, ga masu saye, ya zazzage masa a gaban kowa. Shi da kansa ya ba ni labari da ya dawo, yana cin abinci, yana jin daɗin yadda ya tsara maganar. Ya ce ya gaya masa ya ƙarasa satin, ranar Litinin ya kawo makulli.

"Shi me ya ce?"

"Me zai ce? Wai Allah ne shaidarsa. Kowane ɓarawo haka yake cewa."

Na dubi man miya a gefen bakinsa, na tashi na koma kicin.

Ranar Juma'a Baba ya wanke motar kamar kullum. Na kai masa ruwa. Bai ɗago ya dube ni ba.

"Hajiya, ba aikin ne ya dame ni ba. Arziki na Allah ne. Amma a Kado in aka ce kai ɓarawon mai ne, shi ke nan, ko baro ba wanda zai ba ka ka tura. Jiya wani da nake ba kuɗin shayi ya gan ni ya ce, Baba, nawa lita? Aka yi ta dariya. Da furfurata."

Ya matse tsumma ya shanya a kan katanga. Na ce masa, "Allah yana nan," shi kuma ya ce, "Yana nan."

Da la'asar na sami maigidana. Ban ce masa ya yi kuskure ba, na san wannan hanyar ba ta ɓullewa. Cewa na yi, "Gobe Asabar, ba ofis. An wanke tanki. Ka zuba mai da hannunka a gidan mai, mu bi Baba ɗauko kifi. In ƙarar ta tafi, ka yi gaskiya, ba zan ƙara magana ba. Amma ka kori mutum a kan ƙarar da ko kai ba ka ji ba?"

"Mu bi shi? Har da ke?"

"Na daɗe ban ga bayan gari ba."

Ya dube ni ya san ƙarya nake, don ya san yadda na tsani motar. Wataƙila shi ya sa ya yarda.

Da safe muka fita, Baba na tuƙi, maigidana a gaba, ni a baya. Kujerar bayan ta sha ruwan kifi ta bushe ta sake sha, na shimfiɗa tsohon zane na zauna a kai kamar mai zama a kan ƙaya. Aka sha mai a gabansa. Tafiya lafiya lau, ba ƙara. A gonar aka yi lodi, ina daga nesa ina kallon tarwaɗa na murɗa juna cikin kumfa da majina, ana watsa su roba bayan roba.

A hanyar dawowa akwai wata doguwar hawa. Baba ya ce, "To, ku kasa kunne." Ya taka. Injin ya ɗauki gurnani, wani siririn fito ya biyo baya yana ƙara sama. Ya ɗaga ƙafa zai canza giya.

Mtsssss.

Wallahi tsaki ne. Da a ce a cikin taron mata na ji shi, da na juya in ga wace marar kunya ce. Ya sake takawa, ya sake ɗagawa, ta sake ja. Tare da shi kuma wani ɗoyi ya shigo ta gaban motar, mai ɗumi, ba irin ƙarnin da na saba da shi ba. Na ce a raina ruwan kifi ne ya zuba a kan wani abu mai zafi.

"Alhaji, ga shi nan," in ji Baba. "Da manka."

Maigidana ya ce, "Ai dama bakaniken ya gaya mini. Ya ce in ba ta daina ba, to dattin ya riga ya cinye nozul, abin da ke fesa wa inji mai. Ɓarnar da aka yi a baya ce."

Baba ya ci gaba da tuƙi. Na ga hannunsa a kan sitiyari, jijiyoyin sun taso.

Ni kuwa hankalina ya tafi wani wuri. Na san ƙarar nan. Ina da tukunyar furesha da nake dafa wake da ganda. Akwai lokacin da robar murfinta ta tsage, tsagar da ido ba ya gani. In tana sanyi lafiya lau, in ka ɗora ta a wuta ma shiru, sai ta cika da tururi ta matsu, sannan ta fara wannan tsakin ta gefe, waken kuma ya ƙi nuna da wuri. Ba datti ne a cikin waken ba. Iska ce ke gudu ta inda bai kamata ba. Baba kuma ya ce mini turbo zugazugi ne.

Ban faɗa a mota ba. Na bari aka sauke kifi a Kado, ina zaune a ciki gilas a rufe, muka dawo gida wajen azahar. Bayan mun yi salla na shiga kicin na kaɗa garin sabulu a ruwa har ya yi kumfa, na cika gorar roba na huda murfin, na ɗauko soson wanke-wanke. Haka nake yi duk ranar da aka kawo sabuwar tukunyar gas: in shafa kumfa a bakin tiyo, in akwai inda yake zuba sai ya yi ƙwai-ƙwai.

"Baba, buɗe mini bonet."

Maigidana ya fito daga falo. "Me za ki yi? Wanke-wanke za ki yi wa injin? Maƙwabta suna kallo fa."

"Su kalla. Baba, ina bututun da iskar zugazugin take bi?"

Baba ya dube ni, ya dubi gorar, sai na ga idonsa ya canza. Ya nuna mini da yatsa: daga nan ta fito, ta bi nan, ta shiga nan. Ya ce, "Ki tattare hijabinki da kyau, Hajiya. Fankar nan ba ta san mutunci ba."

Na ɗaure hijabin ta baya. Ya shiga ya tayar. Na fesa ruwan a kan bututan, a kan kowane mahaɗi. Zafi yana bugun fuskata. Ya taka totur, ba komai. Ya sake, ba komai. Maigidana ya harɗe hannu yana murmushi.

"A tsaye ba ta matsuwa sosai," in ji Baba ta taga. "Bari in ba ta da ƙarfi. Ki duba ƙasan wancan mai kauri, wanda aka naɗe da baƙin salatif. Ba da shi ta zo ba."

Ruwan gorar ba ya kaiwa ƙasansa. Na jiƙa soso, na zura hannu har gwiwar hannu, na shafe cikin bututun da kumfa, yatsuna suna jin wani maiƙo-maiƙo. Na janye. Baba ya danna totur har ƙasa, motar ta yi kururuwa, hayaƙi ya turnuƙe harabar. Sai ga shi. Ta ƙarƙashin salatif ɗin kumfa ta fara kumbura, ƙwai bayan ƙwai, suna fashewa, wasu na tasowa. Da ya saki, tsakin ya fito ƙarami, daidai wurin.

"Abban yara, zo ka gani da idonka."

Ya zo ya leƙa.

Da injin ya huce Baba ya ɗauko sukundireba ya kwance bututun, ya ajiye a kan siminti. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Ya kama bakin salatif ɗin ya fara warwarewa. An naɗe shi tsaf tun daga wannan kai har wancan, yadda in ka gani za ka ce kayan mota ne. Ƙarƙashin baƙin sai ga kore, mai gaɓa-gaɓa kamar maƙogwaron sa, da tsaga a gefe ɗaya. Ɗoyin da na ji a hawa ya taso gaba ɗaya, babu iskar hanya da za ta kwashe shi.

Baba ya ɗaga shi ya leƙa ciki ta hasken rana. Ya yi saurin ajiyewa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji, wannan ai tiyon masu yashe masai ne."

"Kamar yaya?"

"Na motar da ke zuƙe sokawe. Irinsa ne sak." Ya nuna shi da sukundireba. "Farkon zuwana Abuja na ja irin motar wata shida. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko iyalina. Na san shi, na san warinsa. Leƙa ka ga abin da ya bushe a tsakanin gaɓoɓin."

Maigidana bai leƙa ba. Ni na riga na gani daga inda nake tsaye. Na dubi hannuna, kumfa da baƙin maiƙo har gwiwa. Na dubi soson da nake wanke kofunan shayin 'ya'yana da shi. Ban san lokacin da na kai bakin famfo ba. Abin da na ci da safe duk ya dawo.

Ina durƙushe a wurin na ji maigidana ya kira bakaniken, ya buɗe muryar wayar. Na ɗauka zai musa. Ko kaɗan.

"Oga, kai ka ce kana sauri. Na asali bai zo ba, maƙwabci na tana gyaran wannan motoci, na yanka kaɗan a wajenta. Na wanke shi fa, da fetur. Tiyo tiyo ne, oga. Iska ba ya jin wari."

Maigidana ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Ya ambaci 'yan sanda, ya ambaci kotu. Ni ina can ina wanke hannu. Na san hukuncin, an koya mana a Islamiyya: najasa in aka wanke ta launi da wari suka tafi, ta tafi. Amma na wanke da sabulu, na wanke da toka, na wanke da lemon tsami, na yanke farce har sai da naman ya fito. Soson da gorar na ƙulle a leda na kai bola. Na yi wanka na canza kaya kafin la'asar. Daga baya maigidana ya yi ta yi mini bayani cewa iskar cikin inji take shiga, ba ta taɓa kifin ba. Na gane. Na yarda ma. Amma na fi wata uku ban sa tarwaɗa a bakina ba.

Sai dai duk wannan ba shi ne ya fi tayar mini da zuciya a ranar ba. Da na fito daga wanka na leƙa ta taga. Maigidana ya gama waya, yana huci. Baba na tsaye gefe ya wanke hannu, yana jira. Na tsaya ni ma ina jira. Maigidana ya sa wayar a aljihu ya ce, "Ka ga mutanen banza ko? To, Litinin sai ka je ka nemo na kirki a sa." Ya juya zai shiga gida.

Baba ya ce, "To, Alhaji. Na gode."

Shi ne ma ya yi godiya. Na ji wani abu ya taso mini wanda ya fi na bakin famfo ɗaci.

Na bari ya yi la'asar, na kawo masa shayi, na zauna.

"Abban yara, an gama da maganar Baba ke nan?"

"Ai na ce ya ci gaba da aiki. Me kuma ake so?"

"A Kado ka zubar. A can za ka kwashe."

"Ni? In je gaban masu kifi in durƙusa wa direbana? Kin san matsayina kuwa?"

"Ban ce ka durƙusa ba. Ranar Alhamis matsayin naka bai hana ka tsayawa gabansu ba." Ban saba yi masa magana haka ba. "Kai ka fi ni karatu. Abin da ke tsakaninka da Allah, ka roƙa ya yafe. Wannan kuwa haƙƙin bawa ne. Mutumin nan sunansa kawai ya mallaka a garin nan, ana kiransa ɓarawo saboda bakinka. Ina jin tsoron ranar da za a tsayar da ku."

Ya ajiye kofin bai sha ba, ya ɗauki hula ya fita. Har muka kwanta bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Lahadi da safe ina shara ya ce, "Ɗauko hijabinki." Muka tafi a ƙaramar motarsa.

Kasuwar ta cika. Na bi bayansa ina tsallake ruwan jini da ƙaya da hanjin kifi. Baba yana zaune a benci a rumfar shugaban, shi kaɗai a ƙarshen bencin, an bar fili tsakaninsa da sauran. Aka gaisa. Maigidana ya gyara tsayuwa ya fara ba da labarin bakanike da tiyon masai. Ya iya labari. Mutane suka taru, ana salati, ana tofar da yawu, ana dariya, wani ya ce daga yau sunan motar Gimbiyar Sokawe. Maigidana ya yi ta jan zancen, ya kwaikwayi muryar bakaniken, ya faɗi abin da zai yi masa. Ina jira. Na ga yana shirin yin sallama bai ambaci Baba ba ko sau ɗaya.

Shugaban masu kifin, wani tsoho mai ƙaramin jiki da ke ta goge wuƙa bai yi dariya ba, ya ce, "To Alhaji, mun ji ta tiyo. Maganar man fa?"

Maigidana ya ciro waya ya duba, alhali ba ta yi ƙara ba. "A'a, wannan ta wuce. Ba ruwan Baba."

"Ban ji ba, Alhaji. Kasuwa ce, hayaniya ta yi yawa. Ranar Alhamis dai na ji ka sarai."

Maigidana ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya mayar da wayar aljihu.

"Na ce Baba bai ci mini ko ɗigon mai ba. Ni na yi gaggawa. Baba, ka yi haƙuri."

Tsohon ya ɗaga murya yadda har rumfa ta uku za su ji. "Jama'a kun ji ko? Wanda ya kai waccan gaba, ya kai wannan ma."

Baba ya miƙe tsaye. "Ya wuce, Alhaji. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wani mai shago daga can ya ɗaga makullin motarsa yana kaɗawa, ya ce, "Baba, in ka gaji da Gimbiya ga tawa nan, ita ba ta wari!" Aka kwashe da dariya, har da Baba, yana goge ido da gefen hula.

A hanyar gida maigidana bai yi mini magana ba sai da muka shigo layinmu. Ya ce, "Hankalinki ya kwanta?" Na ce, "Alhamdu lillahi." Ban gaya masa cewa da tsohon nan bai matsa ba da haka za mu dawo ba. Ya sani.

Litinin da sassafe na ji an taɓa ƙofa. Baba ne, makullin motar a hannunsa, ya zo ya auna bakin bututun da zare kafin ya tafi kasuwar kayan mota. Muka gaisa. Ya ƙulla zaren ya sa a aljihu, ya ce shi zai zaɓo da kansa, kuma duk wanda aka miƙo masa sai ya kai hanci tukuna, ko da a cikin kwalinsa yake.